Daga Zamiyar Doki Zuwa Zamiyar Mota: Gurbin Kanikanci a Nazarin Hausa

Da doki aka fara auna ƙarfin inji, kuma har gobe da shi ake aunawa. James Watt, injiniyan nan ɗan ƙasar Sukotilan, shi ya yayata ma'aunin a ƙarshen ƙarni na 18, domin ya nuna wa masu masana'antu yawan dawakin da injinsa na tururi zai hutar. Ƙarfin doki ɗaya ya kama kimanin wat 746. Fijo 504 mai kafireta, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, ƙarfinta bai kai na dawaki 100 ba, amma a zamaninta ita ce motar manya, ita ce kuma ta dogon zango. Toyota Camry ƙirar 2007 mai silinda shida, wadda a yau ake kai yara makaranta da ita, tana ɗauke da ƙarfin dawaki 268. Wato matashin da ya ari makullin motar gidansu ranar biki ya riƙe linzamin garken da ya kusa ninka na Fijo sau uku, alhali bai fi mahaifinsa sanin abin da ke faruwa a ƙarƙashin bonet ba.

Duk wanda ya ga wasan mota a biranen Arewa, musamman ranar ɗaurin aure ko kai amarya, zai gane inda abin ya samo asali. A taho a guje, a taka birki ko a ja na hannu, mota ta zame ta juya, ƙura ta tashi, 'yan kallo su yi sowa. Wannan ita ce zamiya, wadda mahayi ke yi da doki a ƙarshen sukuwa, kuma ita ce ƙashin bayan jafin da ake kai wa sarki a hawan salla. Abin burgewar bai sauya ba: a nuna ƙarfi, sannan a nuna an fi ƙarfin ƙarfin. Sai dai hawan doki ya zo da cikakken ilimi, ilimin kuma yana da harshe. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin doki, daga na launi irin su akawal da kili da danda da hurde, zuwa na tafiya da na kayan hawa da na cututtuka. Akwai shamaki mai kula da barga, akwai filin sukuwa, akwai dattijon da zai dubi ƙafar doki ya ce yau ba za a hau shi ba, kuma a ji maganarsa. Sha'awar mota ta gaji bajintar, ta bar harshen da tsarin a baya. Wannan giɓi ya shafi manazarta Hausa kai tsaye, ko da yake a kallon farko zai yi kama da matsalar 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra.

Kafin a ga giɓin, sai an san me ake nufi da ƙara wa inji ƙarfi. Injin fetur mai zagaye huɗu, irin wanda Nikolaus Otto ya kammala a Jamus a 1876, yana shaƙar iska da mai, ya matse su, filogi ya kunna musu wuta su tura fistin, sannan ya fitar da hayaƙi. Domin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Saboda haka ƙarin mai kawai ba ya ƙara ƙarfi, sai dai baƙin hayaƙi da asara. Duk dabarun masu gyaran inji a duniya a kan abu ɗaya suke kewaya, wato yadda za a cusa ƙarin iska cikin silinda. Wasu su faɗaɗa silindar, wasu su sauya sandar da ke buɗe bawul domin ya daɗe a buɗe, wasu su ɗaura turbo, wanda ke amfani da hayaƙin da ke fita ya juya farfela fiye da sau 100,000 a minti, ita kuma ta dunƙula iska ta tura ciki. A motocin zamani akwai hanya ta huɗu, wato sauya lissafin ƙwaƙwalwar mota da kwamfuta. Kowace daga cikin waɗannan tana da farashin da ba a gani a rasit: ƙarin zafi da ƙarin matsi a kan fistin da gaskit da karanshaf, waɗanda aka ƙera su don ɗaukar wani nauyi ƙayyadadde.

A nan ne maganar harshe ta shigo. Idan matsi da zafi suka wuce abin da fetur zai jure, wani ɓangare na man kan fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi, sai a ji wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman idan an taka totur a hawa. Wannan ƙara gargaɗi ce. Idan aka kula da ita da wuri, aka gyara lokacin wuta ko aka sauya mai, injin zai tsira. Kalmar da Ingilishin injiniyoyi ke kiran wannan gargaɗi da ita tana nufin ƙwanƙwasawa, amma da ta shigo bakin direbobin Nijeriya sai ma'anarta ta koma mutuwar inji gaba ɗaya, haka kuma Hausa ta karɓe ta: “inji ya buga”, wato ya gama aiki, sai a nufi Ƙofar Ruwa ko Fanteka neman wani. Sunan gargaɗi ya zama sunan ajali, shi kuwa gargaɗin ya rage ba shi da suna tsayayye da mai mota zai ji ya razana. Masanin ilimin ma'ana zai ga kyakkyawan misali na gusawar ma'ana a kalmar aro. Mai motar kuwa kuɗin sabon inji zai biya.

Haka abin yake a gyare-gyaren da suka fi yawa a garejin unguwa, waɗanda masu su ba sa ma ɗaukar su a matsayin sauya ƙirar inji. An saba jin cewa tamostat “na ƙasar sanyi ne”, don haka da mota ta iso sai a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Aikin wannan ɗan bawul shi ne riƙe zafin inji a wajen digiri 90, inda aka tsara shi ya yi aiki, kuma wannan buƙata ba ta sauyawa don an sauke mota a Kano. Injin da ya kasa kai zafinsa yakan sa ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙara mai, sassa su ci juna da wuri, ainihin abin da ya jawo zafin tun farko, ko lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, ya ɓuya har ranar da zai fito da muni. Sai kuma matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda aka laƙaba wa suna “indomi” saboda kamannin cikinta. Sunan yana da daɗin faɗi, yana kuma nuna basirar masu laƙabi, amma bai gaya wa kowa cewa a cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinom da faladiyom da rodiyom, waɗanda ke mayar da iskar guba ta kabon monoksaid zuwa wadda ba ta kai ta cutarwa ba. Ana cire ta da sunan mota za ta ƙara numfashi. A motar da matatarta ke lafiya, ƙarin ƙarfin bai taka kara ya karya ba. Ribar tana wurin mai sayar da ƙarafan, gubar kuma tana wurin ɗan talla da mai babur da ke tsaye a bayan motar cikin cunkoso.

Misalin da ya fi tayar da hankali shi ne na kalmar gas. A Hausar tasha, “gas” ko “man gas” na nufin dizal. “Iskar gas” kuma na nufin ta girki. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, an shiga mayar da motoci da kekuna masu ƙafa uku su yi aiki da matsattsiyar iskar ƙasa, wadda ita ma “gas” ake ce mata. Abubuwa uku mabambanta, suna ɗaya. Matsin da ke cikin tukunyar girki bai cika kai ninki 20 na matsin iskar sarari ba, na tukunyar mota kuwa yana kai ninki 200. Mutumin da harshensa bai raba masa su ba yana iya ganin babu laifi a kai wa mai walda tukunya ya yi wa kwaskwarima a ɗaura a but. Wannan shi ne sauyin inji mafi girma da talakan ƙasar Hausa ke fuskanta a wannan zamani, kuma yana gudana da kalmar da ke da fuska uku.

Akwai masu ganin cewa bai dace jami'a ta ɓata tawada a kan wasan 'ya'yan masu kuɗi da ke kashe bayin Allah a titi ba, kuma fushinsu yana da dalili. Lissafin ba ya da tausayi: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata yana ninkawa sau huɗu, kuma motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin fiye da mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar birki da taya yadda suke, ya sayi ingarma ne ya ɗaura masa linzamin jaki. Amma nazarin abu daban yake da wanke shi. Fagen nazarin Hausa bai guji dambe da tauri da bori ba, ya ma fitar da kyawawan ayyuka daga cikinsu. Sanarwar hani kuwa an sha fitar da ita, ƙura ta lafa na ɗan lokaci ta sake tashi.

Ƙasashen da suka riga fuskantar wannan sha'awa sun bi da ita ta hanyar ba ta fili da ƙa'ida. A Amurka, Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 da nufin janye matasa masu tseren motoci daga titunan jama'a zuwa filayen da ake duba mota kafin a bar ta ta gudu. A Japan, zamiyar mota ta taso ne a kan hanyoyin tsaunuka cikin dare, ba bisa doka ba, kafin ta zama gasa mai alƙalai da sharuɗɗa. A Jamus, injiniyoyi biyu da suka yi aiki da kamfanin Marsandi, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, sun buɗe ɗan garejin ƙara ƙarfin inji a 1967. A 1971 motarsu, wadda suka faɗaɗa injinta daga lita 6.3 zuwa 6.8, ta zo ta biyu a tseren awa 24 na Spa a Beljiyam, kuma wannan gareji shi ne AMG na yau. A ƙasar tasu kuwa, muhimmin sauyi a jikin mota sai an kai shi an duba an amince kafin a hau titi. Duk wannan tsari a kan rubutaccen harshe ya tsaya, domin ba a kafa ƙa'ida a kan abin da ba a iya ambata ba. Ko da wata jiha ta ware fili gobe, takardar sharuɗɗan da za a karanta wa matasan da kanikawansu sai ta nemi kalmomin da ba a riga an daidaita ba.

Kundayen digiri a kan ƙira da saƙa da jima da rini sun taru a sassan Hausa na jami'o'i, kuma sun cancanci wurinsu. Kanikanci, wanda ke ciyar da gidaje masu ɗimbin yawa, yake kuma da tsarin maigida da yaran gareji da bikin yaye irin na kowace sana'ar gado, bai sami kason da ya dace da girmansa ba. Wataƙila kalmar “gargajiya” ce ta tare masa ƙofa, kamar sana'ar da ta yi kusan ƙarni a hannun Hausawa har yanzu baƙuwa ce. Gaskiya ne an sha ƙirƙirar kalmomi a ɗakin taro su mutu a kan takarda, kuma babu bakaniken da zai daina cewa kuloci ko salansa don wani kwamiti ya kawo madadi. Ba a ma buƙatar ya daina. Aikin ƙirƙira ya kamata ya taƙaita ga wuraren da kalmar da ake da ita ke ɓatar da mutum, kamar bugawa da gas, sauran kuma a tattara su yadda suke, a daidaita rubutunsu, a bayyana ma'anarsu daga bakin masu su.

Tattarawar ce ke da gaggawa. Kanikawan da suka koyi aiki a kan Fijo da Marsandi masu kafireta da kunne suke gano ciwon inji, kuma suna da tarin kalmomin amsa-kama da suke bambanta ƙarar bawul da ta fistin da ta bel da su, abin da zai ishi mai nazarin ilimin furuci da na ma'ana kundi guda. Yaran da ke tasowa a yau na'urar bincike suke soka wa mota ta ba su lamba da Ingilishi, wannan ma ci gaba ne, sai dai na'urar ba ta koya musu waɗancan kalmomi. Yawancin masu kunnen sun haura shekara 60, kuma wasunsu sun riga sun miƙa wa yaransu gareji sun koma gida.