Waiwaye: Duba-gari da Gidan da Bai Taɓa Dubawa Ba

Waɗanda suka yi wayo tun ana kashe sule da sisi ba sai an kwatanta musu duba-gari ba. Da an ce ga shi can ya shigo unguwa, sai gidajenmu su ɗauki harama. Yara su bazu da tsintsiya, a kwashe tokar murhu, a zubar da ruwan da ya kwana a kaskon kaji, a mayar da murfin masai. Shi kuwa yana tafe cikin kaki, littafi a hammata, ga ɗan rakiya daga wajen mai unguwa da zai yi sallama a zaure domin mata su kimtsa. Randa yake fara nufa. Ya ɗaga faifan da aka rufe ta da shi, ya zura ludayi har ƙasa, ya ɗago ruwan ya kai shi hasken rana, ya ƙura masa ido. In ya ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a ciki, to sai an tuntsurar da randar nan, ruwan da aka sha wahalar jawowa daga rijiya ya bi kwata. Wata rana a tsaya a gargaɗi, wata rana sunan maigida ya shiga littafi, sai sammaci, sai tara a gaban alƙali.

Mun ji tsoronsa, iyayenmu mata kuma sun sha yi masa tsaki bayan ya juya baya. Amma yau da furfura ta zo, mun san albarkacinsa da yawa daga cikinmu suka tsallake amai da gudawa. Mutum ne da aka koya wa aikinsa, irin waɗanda makarantar koyon aikin tsafta ta Kano ta daɗe tana yayewa, kuma aikin nasa da ƙafa ake yin sa. Ba ya aike, ba ya jiran rahoto a ofis. Gani ya kori ji.

Labarin da ke fitowa daga Ingila a 'yan shekarun nan shi ya sa na waiwayi wannan bawan Allah. Can ne asalin aikinsa. A 1842 Edwin Chadwick ya fitar da rahotonsa kan ƙazantar unguwannin leburori, dokokin lafiyar jama'a na 1848 da 1875 suka biyo baya, daga nan mai bin gida-gida ya samu gindin zama, har Turawan mulki suka zo mana da shi. Sai ga shi waɗanda suka koya mana karatun su ma sun yi sake da shi.

A Ingila akwai gidaje wajen miliyan 4 da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi haya da rahusa. A da akwai hukumar da ke zuwa ta duba yadda ake riƙon waɗannan gidaje, har ta ba da maki. Bayan 2010 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka dakatar da wannan zagaye. Dokar 2011 kuma ta ɗaure hannun hukumar da ke sa ido kan masu waɗannan gidaje, ta ce ba za ta tsoma baki kan kukan 'yan haya ba sai in mummunar cutarwa ta auku ko tana dab da aukuwa. Aka ci gaba da duba littafin kuɗin masu gidaje, aka daina leƙa ɗakin da mutane ke kwana.

Daren 14 ga Yunin 2017, cikin watan azumi, wuta ta tashi daga wani firji a hawa na huɗu na benen Grenfell da ke yammacin Landan, ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje. Fallayen da aka lulluɓe bangon benen da su a gyaran da aka yi masa kafin gobarar masu cin wuta ne, don haka kafin a ankara ta haye hawa 24. Rayuka 72 suka salwanta. Tun a Nuwamban 2016 mazauna benen suka yi gargaɗi a rubuce cewa sai bala'i ya auku za a saurare su, kuma haka aka yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a lokacin an ɗauki mai ɗakin a matsayin mai yawan ƙorafi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron nan Awaab Ishak na garin Rochdale, wanda iyayensa suka je can daga Sudan. Tun 2017 mahaifinsa ya kai kukan cewa baƙar fumfuna ta kama bangon ɗakinsu, aka ce masa ya shafa fenti a kai. Ya shafa, ta sake ɓullowa. Ma'aikaciyar lafiya da ke ziyartar iyalin ta rubuta wa masu gidan takarda a 2020, gyara bai zo ba, domin a tsarinsu in magana ta kai hannun lauya sai a jingine aikin har a daidaita. Ma'aikatansu kuma, ba tare da sun tambayi mutanen gidan ba, suka yanke cewa ai yanayin zamansu ne da irin wankan da suke yi ya jawo danshin. Ranar 21 ga Disamban 2020, 'yan kwanaki bayan ya cika shekara biyu, numfashin Awaab ya sarƙe, Allah Ya karɓi abinSa. A Nuwamban 2022 jami'ar binciken musabbabin mutuwa, Joanne Kearsley, ta tabbatar cewa daɗewa yana shaƙar fumfunar nan ce ta kashe shi, kuma gidan ba shi da isasshiyar mafitar iska.

Wane ne a cikinmu bai san wannan bangon ba? Damina ta yi nisa, laima ta taso daga ƙasa har ta kai gwiwa, a ja katifa tsakiyar ɗaki, a jingina kwali a bayan akwati, yaro na tari ana cewa sanyi ne. A gaya wa mai gidan haya, ya ce a yi haƙuri sai rani. Rani ya zo, shi ma ya zo, amma karɓar kuɗin shekara ya kawo shi.

Gobarar Grenfell da mutuwar Awaab ne suka sa majalisar Birtaniya ta yi sabuwar doka a Yulin 2023. An kwance wa hukumar sa ido hannu, an cire iyaka a kan tarar da za ta iya ci, kuma sanarwar awa 48 ta ishe ta ta shiga ta duba gida, maimakon kwana 28 na da. Daga Afrilun 2024 duk mai gidaje dubu ko fiye sai an duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara huɗu, a ba shi daraja daga C1 zuwa C4, a bayyana wa duniya. Sai kuma sashen da aka sa wa sunan yaron, wanda ya fara aiki ranar 27 ga Oktoban 2025. In haɗarin na gaggawa ne, awa 24 aka ba mai gida. In danshi ne da fumfuna mai cutarwa, ya bincika cikin kwanakin aiki 10, ya ba ɗan haya sakamakon a rubuce cikin kwanakin aiki 3 bayan binciken, ya kawar da haɗarin cikin kwanakin aiki 5. In ba zai iya ba, ya nema wa iyalin wani masauki da kuɗinsa.

Sabawa da wannan bai zo wa masu gidajen da sauƙi ba. Da masu dubawa suka fara zagaye, sai aka tarar wasu manyan hukumomi ba su ma san halin da gidajensu ke ciki ba, ga gyare-gyaren kariya daga gobara sun taru ba a yi ba, ga wayoyin lantarki da aka daɗe ba a gwada ba. Dole suka koma bin gida-gida suna rubuta abin da suka gani, suka ɗauki ma'aikata, wasu suka rage gina sababbi domin kuɗin ya tafi gyaran tsofaffi. Ina tausaya wa ƙananan ma'aikatan da nauyin ya faɗa wa, domin agogo ake kafa musu alhali ma'aikatan gyara ba su wadata ba. Sai dai akwai abin da nake ji musu tsoro, kuma mu ne shaidarsa. Gidajenmu da yawa ranar zuwan duba-gari kaɗai suke ganin irin waccan shara. Hukuma ma tana iya koyon shirya takardu domin mai dubawa, ta ci darajarta, ɗakin yaro yana nan da warinsa. Shi ya sa abin da ya fi burge ni a sabon tsarin shi ne masu dubawa suna zama da 'yan haya su ji daga bakinsu, kuma kowace shekara sai an tambaye su ko sun gamsu, an wallafa amsar.

A nan ne na ga abin da muka manta game da namu duba-garin, ko in ce abin da ba mu taɓa lura da shi ba saboda ƙuruciya. Mai zama a gida yake dubawa. Matar da randarta ta yi tsutsa ita ake kunyatawa, magidancin da kwatarsa ta toshe shi ake ci tara. Wanda ya gina ɗaki goma a kan masai ɗaya ya zuba 'yan haya, ba safai littafin nan ke kaiwa kansa ba. Da gwamnati kanta ta zama mai gidan haya, sai abin ya ƙara nisa. Mun ga an kafa hukumar gidaje ta tarayya a 1973, mun ga gidajen Shagari da aka yi alkawarin 2,000 a kowace jiha duk shekara, mun ga Kundila da Gwammaja a Kano, Barnawa da Malali a Kaduna. Mun yi murna da su, kuma sun rufa wa dubban iyalai asiri. Amma ma'aikacin da gwamnati ke biya albashi, yaya zai rubuta wa gwamnati sammaci? Rufi ya yi yoyo, magudana ta cushe, kowa ya yi ta kansa, har daga baya aka sayar da yawancinsu ga mazauna ciki, nauyin ya tashi daga wuyan hukuma gaba ɗaya.

Jikokin duba-gari suna nan, ba su ƙare ba. Tun 2002 suke da majalisar da ke yi musu rajista, kuma muna ganinsu a ranar Asabar ɗin ƙarshen wata suna tsare hanya domin a yi shara. Aiki ne mai kyau, Allah Ya saka musu. Fatana shi ne jihohinmu, da suke ta gina sababbin rukunin gidaje, su ba waɗannan ma'aikata ikon shiga gidan haya bisa kiran ɗan haya, kowane ne mai gidan, attajiri ne ko ma'aikatar gwamnati. In sun shiga sun ga bango ya jiƙe ko waya ta tsirara, su rubuta takarda biyu masu kwanan wata, ɗaya a hannun mai gida, ɗaya a hannun wanda ke kwana a ɗakin, da ranar da za su dawo su ga ko an gyara kafin ruwan farko ya sauka.