Hoto Ba Ya Riƙe Bango

Aikin gini ba baƙo ba ne a ƙasar Adar da Maggiya. Tun shekarar 1984, da aka buɗe furojen Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO, maza da mata suka jera duwatsu bisa tuddai, suka datse ƙoramu, suka gina rijiyoyi, makarantu da hanyoyi. Daga wannan gumi ne aka samu magina masu yawa. Siminti kuwa ana yin sa a Malbaza, kusa da mu, tun shekarun 1960. Abin da ya daɗe da ƙaranci shi ne hanyar da mai son gini zai san gwanin da ke nesa da shi.

Yau salula ta buɗe wannan hanya. Magini na Buza yana ɗaukar hoton ɗakin da ya gama, ya saka shi a WhatsApp ko Facebook. Ɗan ci-rani da ke Abijan ko Libiya ya gani, ya aiko da kuɗi a gina masa gida, yana bin aikin daga tushe har rufi. Ƴan kwangilar Madawa suna jin kuɗin siminti da kwano kafin su hau mota. Wannan ci gaba ne, muna maraba da shi.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Akwai mai nuna ginin wani ya ce nasa ne. Akwai mai rage siminti cikin bulo, ya shafe bango da fenti, ya aika da hoto mai kyau. Hoto ba ya nuna zurfin tushe, ba ya faɗin bulo nawa aka buga da buhu guda mai kilo 50. Damina ita ce mai binciken da ba ta karɓar goro. Wanda ya ga gidajen da ruwan 2024 ya kayar a ƙasarmu ya san haka.

Saboda haka muna kira ga magina da ƴan kwangila: ku nuna aikinku kaɗai, ku faɗi garin da yake, domin mai shakka ya aiki ɗan'uwansa ya gani da ido. Ku ɗauki hoton tushe da ƙarfe kafin a rufe su. Ku yi rajistar sana'arku, ku karɓi lambar haraji, don ba a ba da kwangilar gwamnati ga wanda ba shi da takardu. Ku tuna kuma, tun 2019 Nijar tana da dokar da ke hukunta zamba ta intanet.

Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga ranar karatunku ta zo. Saƙon murya ya isa gaisuwa, amma ciniki sai a rubuce: yawan kaya, kuɗin aiki, ranar gamawa, da sa hannun shaidu.

Mahukuntan Madawa, Buza da Keita su ma da nasu nauyi. In za a gina aji ko ɗakin shan magani, a sanar da Hausa, ta rediyon karkara da ta zaurukan WhatsApp na magina, don ɗan ƙasa ya ji da wuri ya nema.

Salula tana kai sunan magini nesa, amma amana ce ke dawo masa da mai aiki.