Namu Da Suka Kwanta A Dajin Bama

Ran Litinin ta ƙarshen watan Mayu mutanen Amurka sukan rufe ofisoshi da makarantu, su tafi maƙabarta da tutoci don tunawa da sojansu da suka mutu a yaƙi. 'Ya'yanmu da aka haifa nan Bronx suna gani, suna tsammani mu ba mu da kowa cikin wannan sha'ani. Muna da su, ba a dai faɗa musu ba ne.

A gidanmu akwai ƙanen kakanmu. An ɗauke shi soja a Kumasi zamanin Yaƙin Hitila, cikin rundunar Gwalkwas, wadda takenta ma da Hausa yake, watau Kullum Shiri. Cikin 1943 aka zuba su jirgin ruwa sai Indiya, daga can suka shiga Bama tare da runduna ta 81, suka yi ta karawa da Jafanawa a kwarin kogin Kaladan cikin 1944. Ƙasar duwatsu ce da ƙurmi. Abinci da harsashi jirgin sama ke jefo musu, sa'an nan a ɗauka a ka, kamar fataken goro. Can ya kwanta. Mahaifiyarsa ba ta ga gawa ba, balle kabari. Takarda aka kawo mata da Turanci, sai da aka nemo akawu ya karanta.

Abin da ya fi damunmu shi ne suna. Mai rubuta kurata yakan ɗauki sunan yanka ya liƙa masa gari ko kabila, wane Kano, wane Moshi, wane Zabarma, sunan uba ya salwanta. A maƙabartar Taukkyan, arewa da Yangon wadda a da ake kira Rangun, an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na sojan da ba a san kabarinsu ba. Namu suna ciki, amma ko jika ya je ya tsaya gaban dutsen, da wuya ya shaida kakansa. A Ankara akwai Burma Camp, a Takoradi akwai barikin Myohaung, sunan garin da sojanmu suka ci cikin Janairun 1945. Waɗannan kowane direba ya san su.

Wani dattijo ya ce da mu, ai yaƙin Nasara ne, me ya haɗa shi da masallaci? Mun ji, Alhaji. Amma fa da yawansu sarki ne ya ba da su don cika adadin da Gwamna ya nema. Ba mu ce shahidai ne ba, wannan hukuncin Allah ne. Musulmi ne dai, suna da hakki a kanmu. Sallar ga'ibi malamanmu na Malikiyya ba su so ta ba, addu'a da sadaka kuwa suna isa ga mamaci ko yana ina.

Saboda haka mun ajiye littafi a makarantar allo. Ran Asabar bayan azahar kowa ya kawo sunan nasa, da na uba, da gari, da lambar soja in akwai. Za mu rubuta da ajami da boko, don yara su iya karantawa. 'Yan kasuwa masu zuwa Nima da Kumasi, ku tambayi tsofaffin mata, ku roƙe su su buɗe adaka. Haza wasalam.