Zuwa ga iyayena masu lambu: ku ba ɗan jami'a kwami ɗaya

 

Kwanaki a fadamar garinmu na ji wani dattijo yana yi wa ɗan yayata tsiya: "Shekara biyar a jami'a, ashe tumatir ka je karanta? Da ka zo na koya maka kyauta." Aka yi dariya, har da ni. Sai da na koma gida abin ya dame ni.

Baba, gaskiyarka, babu farfesan da zai koya maka haƙa kwami ko lokacin dashe. Albasar Galmi da ta Aliero ba digiri ne ya fito da sunansu ba. Amma ku tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da kuke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, har sabon kamfanin Dangote na Kadawa ya tsaya don rashin kaya. Me aka yi? Feshi a kan feshi, kuɗi suka ƙare, ganye ya bushe kamar an babbaka.

Abin da yaron ya karanto shi ne dalilin hakan. Ƙwaron baƙo ne, asalinsa Kudancin Amurka. Tsutsar cikin ganye take shigewa tana ci, maganin kuwa a bayan ganye yake tsayawa. In aka nace wa magani iri ɗaya sai ta saba da shi. Shi ya sa ake sauya magani, a kafa tarko mai ƙamshin macen ƙwaron don kama mazan, a ƙone karmamin bayan girbi. Haka yake karanta gwajin ƙasa, da zaɓen iri, da auren mangwaro da na lemo, da yadda kwando zai isa Legas bai zama miya a hanya ba. Akwai cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Ibadan tun 1975, akwai kwaleji sukutum a Dadin Kowa ta jihar Gombe, duk don sana'arku.

Ban ce yaran ba su da laifi ba. Wani zai zo da takalmi sau ciki yana Turanci, bai iya tada injin ban ruwa ba. Wannan ku miƙa masa fartanya.

Roƙona ƙarami ne. Ranin bana ku yankar masa kwami ɗaya a gefen naku, ya shuka yadda aka koya masa, ku bar shi ko da kun ga zai yi kuskure. Ranar tsinka a ƙirga kwanduna.