A Daina Facin Lagireto, Shanunmu Ke Biya

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya ɗauko shanu daga Garwa ya san hawan dutsen Mbe kafin Ngaundere. A nan tsofaffin motoci ke tafasa. Direba ya tsaya jiran inji ya huce, shanu kuwa a cunkushe cikin rana, ba ruwa ba iska. Wanda ya faɗi 'yan'uwansa su tattake shi. Kafin a kai kasuwar Etoudi a Yawunde, sun rame, riba ta tafi.

Laifin namu ne. Muna cinikin kuɗin mota, ba ma duba lagireto. An toshe yoyo da sabulu, an ɗaure murfi da roba, ana ɗura ruwan rijiya har tsatsa da gishiri su toshe bututu. To ina dalili?

A Ngaundere, mai tsawon mita 1,100, ruwa na tafasa a wajen digiri 96. Murfi mai riƙe matsi shi ke kai shi kusan 120. Don haka in za a gyara, a sa sabon lagireto mai layuka da yawa, a canza murfi da tiyo da fanbel tare, a duba wata-famfo.

Masu motoci a Briqueterie da Mokolo za su ce akwai tsada. Gaskiya ne. Amma kuɗin bai kai na bijimi biyu ba. Shawararmu: kada mu loda sai mun kai makanikenmu ya duba. Allah ya tsare hanya, amin.