Ciwon Suga: Lambar Ranar Asibiti Ba Ita Kaɗai Ba Ce



Akwai wani dattijo daga unguwar Ajiya da yake sayen magani a kantinmu kusan shekara uku ke nan. Ranar Talata ya shigo da fara'a, ya miƙo mini katinsa ya ce, "'Yata, duba, 6.1. Likita ya ce na yi ƙoƙari." Na taya shi murna, sannan na tambaye shi me yake ci a 'yan kwanakin nan. Ya yi dariya ya ce ai duk lokacin da ranar asibiti ta matso, kwana uku yake ajiye tuwo da shayi mai suga, sai ganye kawai. Da an gwada, sai ya koma gidan jiya.

Na ce, "Baba, ku gafarce ni, ba likita kuke wa wayo ba, ƙodarku ce da idanunku."

Mai karatu, idan kana da ciwon suga ko kana jinyar mai shi, ka sani cewa tsirar yatsa da ake yi da safe tana nuna sugan wannan lokacin ne kawai. Ana so ya tsaya tsakanin 4.4 zuwa 7.2 kafin karin kumallo, ko 80 zuwa 130 a wasu na'urorin gida. Amma akwai gwajin da ake kira HbA1c, wanda ba a yi masa dabara. Suga yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuwa suna rayuwa kusan kwana 120, don haka gwajin yana tona asirin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin manya ana so ya zama ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, ko da yake likita yakan sassauta wa tsofaffi. Masu sikila da masu ƙarancin jini su gaya wa likita tun farko, don sakamakonsu yakan karkace.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Kullum takardun magani suna bi ta hannuna: metformin, glibenclamide, wani lokaci insulin, shi ke nan. In na tambayi mutum yaushe aka auna masa hawan jini, sai ya yi shiru yana lissafi. Alhali bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki su ne suka fi kashe masu ciwon suga. Ana so hawan jini ya sauka ƙasa da 130/80, kuma wanda ya kai shekara 40 galibi yana buƙatar maganin rage kitsen jini irin su atorvastatin.

A 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya, sun amince cewa kafin 2030 kashi 80 na waɗanda aka gano suna da ciwon za su daidaita suga da hawan jini, kashi 60 na masu shekara 40 zuwa sama kuma su riƙa shan maganin kitsen jini. Da abin da nake gani a kan teburina, akwai sauran aiki ja. Ban ɗora wa marasa lafiya laifin duka ba: magani ya yi tsada, layi ya yi tsawo, wani ma rabin ƙwaya yake sha don ta kai shi ƙarshen wata.

Ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama kake ganin likita, ko a Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ka tambaya da bakinka: nawa ne HbA1c ɗina, nawa ne hawan jinina, ina buƙatar maganin kitse? A riƙa yin HbA1c aƙalla sau biyu a shekara, ido da fitsari kuma sau ɗaya. Ka cire takalmi a duba maka ƙafa ko ba a ce ba.

Baba ya yarda zai je gwajin a wannan makon. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, kwana nawa zai ajiye tuwo kafin ya je? Na ce ko azumin safe ba a buƙata, ya karya kumallo ya tafi.