A Bar Yara Su Yi Ƙwari Kafin A Sa Su Gasar Manya

Kowace shekara, tsakanin Disamba da Janairu, sa'ad da sanyi ya tsananta a ƙasashen arewacin duniya, kowace ƙasa takan tara gwanayenta na wasan zamiya a kan ƙanƙara don a fid da zakara. Japan da Rasha suna yin tasu gasar wajen ƙarshen Disamba, Amurka da Kanada kuwa a Janairu. Amurka ta fara tata tun 1914. Mai wasa yakan sa takalmi mai ƙarfe siriri a ƙasa kamar kaifin wuƙa, ya shiga fili na daskararren ruwa mai tsawon kamar mita 60, ana kiɗa yana zamiya, yana juyi, yana tsalle, alƙalai suna ba da maki. Wanda ya yi fice a gasar gida, galibi shi ake aikawa gasar duniya.

Abin kallo ne, ba shakka. Amma akwai wani abu a cikinsa da ya kamata malaman makaranta, da duk wanda aka taɓa ba amanar ɗan wani, su tsaya su duba. Ra'ayinmu shi ne a daina sa yara ƙanana cikin gasar manya, a gida da waje duka.

Bari mu faɗi yadda abin ya samo asali. Bayan rigimar alƙalanci da aka yi a wasannin Olimfik na 2002, sai aka sake hanyar ba da maki, aka yanka wa kowane tsalle farashinsa kamar kayan kanti. Akwai wani tsalle da ake kira Luts: in mutum ya juya sau uku a sama kafin ya dira, tushen makinsa 5.9 ne, in ya juya sau huɗu, 11.5. Watau ƙarin juyi ɗaya ya kusa ninka ladan. To, juyi huɗu cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ya fi sauƙi ga jiki ƙarami, marar nauyi, wanda bai buɗe ba tukuna. Masu horarwa suka gane haka. Sai aka shiga neman 'yan mata waɗanda ba su balaga ba, ana rige-rige da girman jikinsu, a ci lamba kafin ƙugu da kafaɗa su fito.

Ga abin da ya biyo baya. A gasar Rasha ta Disamba 2018, a birnin Saransk, 'yan mata uku da suka hau kan dakalin nasara biyu shekarunsu 14, ɗaya 15, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ta isa shiga gasar manya ta duniya a wannan kakar. Alina Zagitova, wadda ta ci zinariyar Olimfik a farkon shekarar tana da shekara 15, ta zo ta biyar. A ƙarshen 2019 ta dakatar da shiga gasa, tana 17. Kafin ita akwai Yulia Lipnitskaya, wadda duniya ta yi wa tafi a Soci cikin 2014 tana 15. A 2017 ta bar wasan bayan an yi mata jiyyar cutar ƙin abinci. A Amurka ma, cikin Janairu 2019, Alysa Liu ta ci gasar manyan ƙasarta tana da shekara 13, ta sake ci a 2020, ta ce ta gaji ta ajiye takalmi a 2022. Shekarunta 16.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne al'amarin Kamila Valieva. Ranar 25 ga Disamba 2021, a gasar ƙasar Rasha, aka ɗauki fitsarinta don gwaji. Sakamako bai fito ba sai a Fabrairu 2022, ana tsakiyar Olimfik a Bejin, aka ce an ga wani maganin ciwon zuciya wanda aka haramta wa 'yan wasa. Yarinya 'yar shekara 15 ta shiga fili duniya duka tana nuna ta da yatsa, ta faɗi, ta sake faɗuwa, ta fito tana kuka. A 29 ga Janairu 2024 kotun wasanni ta duniya ta hana ta gasa shekara 4, aka soke nasarorinta tun daga ranar gwajin. Mu ba mu ce kotu ta yi kuskure bisa dokar da ke gabanta ba. Amma fa kowa ya san yarinya mai waɗannan shekaru ba ita ke tsara abincinta da magungunanta ba. Akwai likita, akwai mai horarwa, akwai shugabanni. Hukuncin kuwa sunanta ya ɗauka.

Wannan ya sa Ƙungiyar Wasan Zamiya ta Duniya, wadda aka kafa tun 1892, ta farka. A taronta na Yuni 2022 a ƙasar Tailan, da ƙuri'a 100 a kan 16, ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 16 a kakar 2023, sa'an nan 17 daga kakar 2024. Mun yaba. Sai dai dokar ta shafi gasar da ake yi tsakanin ƙasashe ne. Gasar gida kowace ƙasa ita ke yanke ƙa'idarta. Alhali a gida ake fara ɓarnar. A nan ne ake nuna wa yarinya 'yar shekara 11 cewa hanyar suna ita ce tsalle mai juyi huɗu, a nan iyaye ke ganin 'yar maƙwabta a talabijin su ƙara matsa wa tasu.

Masu ja da mu suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaro mai baiwa in aka tsare shi cikin tsararsa sai ya yi sanyi. Sukan kawo misalin Sonja Henie ta Norwe, wadda ta je Olimfik na 1924 tana da shekara 11, daga baya ta ci zinariya sau uku a jere, 1928 da 1932 da 1936. Gaskiya ne. Amma a zamanin Henie rabin wasan zana siffofi ne a kan ƙanƙara a hankali, ba dira da ƙafa ɗaya daga juyi huɗu sau da yawa kowace rana ba. Ba mu kuma ce a hana yaro koyo ba. Gasar yara tana nan, da alƙalanta da lambobinta. Duk malamin da ya taɓa tsallakar da yaro mai ƙwaƙwalwa aji biyu don a yaba wa makarantarsa ya san yadda abin yakan ƙare: shekarar fari murna, ta uku yaron ya tsani littafi.

Su kan ce kuma in aka jira, gwaninta za ta ragu. To, Kaori Sakamoto ta Japan ta ci gasar duniya sau uku a jere, 2022 da 2023 da 2024, ta fara tana da shekara 21, ba tare da tsalle mai juyi huɗu ba. Ita ma Alysa Liu da muka ambata, bayan ta huta shekara biyu ta shiga jami'a, ta komo don kanta a 2024, ta ci gasar duniya a Boston cikin Maris 2025 tana 19.

Abin da muke roƙo ga ƙungiyoyin ƙasashe bai fi abu biyu ba. Su ɗauki shekara 17 ɗin nan ta zama ƙa'idar gasar manya a gida kamar yadda take a waje. In kuma aka sami haramtaccen magani a jikin wanda bai kai 18 ba, a fara kiran likitansa da mai horar da shi gaban kwamiti kafin a kira yaron.